Ka Zauna a Ajin Farko, Lawali

Tudun Wada, Gusau.

Zuwa ga ɗana Lawali,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da malamanka da waɗanda kuke kwana ɗaki ɗaya. Mun gode wa Allah da Ya wuce da ku hanyar Tsafe lami lafiya. Ranar innarka ba ta sa komai a bakinta ba sai da ka bugo ka ce kun shiga Funtuwa. Allah Ya ci gaba da tsare ka a zaune da a tafe, Ya tsare maka idonka da hannunka.

Na san tun kafin ka fara karatu ka zazzage ambulan, ka leƙa ciki, ka sake zazzagewa. Kar ka wahalar da kanka, babu komai a ciki sai wannan. Takardar shaidar da ka ce in aiko maka, wadda za ta nuna ka yi shekaru a ƙarƙashina kana gyaran mota da wayarin don a ɗauke maka ajin farko a kai ka na gaba, ban aiko ba. Ba mantuwa na yi ba, ba kuma direba ne ya yar ba, kar ka je ka tsare bawan Allah a tasha. An buga takardar tsaf, har mai bugawar ya ƙara mini Injiniya a gaban suna ban hana shi ba. Tana nan ƙarƙashin katifa. A waya ba zan iya yi maka bayani ba, don kai da katse mutum ba dama. Ka zauna ka karanta dalili, in ya so ka yi fushin gaba ɗaya daga baya.

Yadda ka faɗa mini, koyon gyaran motar lantarki hawa-hawa ne. Ɗan ajin farko ba ya kwance komai. Abin da zai ji tsoro kawai ake koya masa: wace waya ce ba a taɓawa, yadda ake sa safar hannu ta roba, yadda ake kashe mota a tabbatar ta mutu. Sai ya ci jarrabawar wannan a bar shi ya kusanci injin da ke juya ƙafafun motar, sai ya ci ta gaba kuma a bar shi ya buɗe akwatin batir. Ka ce ajin farkon ɓata lokaci ne a wurinka, an haɗa ka da yaran da ko sifana ba su iya riƙewa ba. Ni ma da ka faɗa na taya ka, har na ce ina aka taɓa zuwa makaranta don a koya wa mutum tsoro, abin da ake samu kyauta. Na kai labarin majalisa aka sha dariya. To yanzu na janye dariyata. Iyawarka ce take ba ni tsoro, Lawali. Hannunka ya haddace abubuwan da ni na koya masa, kuma a cikinsu akwai waɗanda za su iya kashe ka a wurin nan.

Bari in fara daga inda ni ma na samo. Ubangidana marigayi Oga Mudi, wanda na yi koyo a garejinsa a bakin titin Tsafe, Allah Ya jiƙansa, bai taɓa sayen mitar auna wuta ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Cewa yake me zai yi da mita yana da yara. In mota ta ƙi tashi ana zargin wuta ba ta zuwa fulogi, sai ya zare wayar ya waiga ya ga wa ya fi kusa. Farkon zuwana ban san dawan garin ba, kullum ni ne kusa. Ya miƙo mini ya ce, "Riƙa nan, yaro, kak ka saki sai na ce." Na riƙa da hannu biyu don a ga ladabi. Ya ce wa direba ya murza makulli. Abin da na sani dai na gan ni zaune a cikin kwanon baƙin mai, hulata tana can gefen titi. Oga Mudi ko kallona bai yi ba, ya juya ya ce wa direban wuta lafiyarta lau, a duba mai.

Daga baya na gane yadda ma'aunin yake. In yaro ya ɗan yamutsa fuska kawai, koyil ɗin da ke ba fulogi wuta ya yi sanyi, a canza shi. In ya yi tsalle ya ambaci sunan Allah, koyil na da sauran kwana. In ya kira uwarsa, to sabo ne, kar a taɓa. Akwai wani ɗan 'Yandoto da muka yi koyo tare, mai taurin rai, shi ko gezau ba ya yi. Saboda shi Oga Mudi ya zubar da lafiyayyun koyil sun fi a ƙirga kafin ya gane daga ma'aunin matsalar take.

Da aka yaye ni na buɗe nawa garejin a Gusau, ban canza ko ɗigo ba. Kai ma ka riƙa mini waya tun kana ɗan firamare, kuma ranar da ka daina tsalle har tsire na saya maka don murna. Na yi kuskure, ban san na yi ba. Wutar fulogi tana ja ne ta saki, shi ya sa muka raina ta. Wadda ke cikin wayar nan mai ruwan goro da ka nuna mini hotonta, kai da bakinka ka ce in ta kama ba ta saki. To jikinka ba ma'auni ba ne. Ka ce ana koya muku a fara gwada mitar a inda aka san akwai wuta, sannan a auna motar, sannan a sake gwada mitar don kar ta lalace a tsakani ta yi wa mutum ƙarya. Da ka faɗa na ce wannan ai waswasi ne irin na mai maimaita alwala. Ka yi waswasin. Da Oga Mudi yana gwada ma'auninsa, da ɗan 'Yandoto bai ja masa asara ba.

Abu na biyu, ban iya cewa ban sani ba. Oga Mudi ne ya hana mu. A wurinsa bakaniken da ya faɗi haka a gaban mai mota ya tura abincinsa garejin maƙwabci. Don haka duk abin da aka kawo mini, injin niƙa ne, keken ɗinki ne, rediyo ne, sai in gyaɗa kai in ce irinsa nawa muka gani. A haka na je Furfuri gaishe da kakanka na wajen uwa, shekarar da kawunka ya buɗe shagon cajin waya, faifan sola a kan rufi, manyan batira a ƙasa. Abin ya daina aiki, aka ce ai faɗuwa ta zo daidai, ga surukin gida, babban bakanike daga Gusau. Ban taɓa leƙa cikin irin kayan nan ba, amma na naɗe hannun riga na ce a kawo sifana.

Aka shimfiɗa wa kakanka tabarma a ƙofar shago don ya ga aikin mijin 'yarsa, dattawan unguwa suka zazzauna gefensa. Lokacin ina da wani zoben azurfa mai kauri da na saya a kasuwar Tsafe, mai shi ya rantse mini duk wanda ya sa shi ƙarfe ba ya cin sa. Batun wuta ne ban tambaye shi ba. Ina ɗaure kan batir, sifana ta zame ta taɓa ɗaya kan, zoben yana manne da ita. Na ji tas, na ga tartsatsi, kafin in ƙifta ido zoben ya zama garwashi a yatsana.

Ka san dai ba a ihu a gaban suruki. Ko abinci ba na ci a gabansa, balle in wage baki in kira uwata. Na miƙe tsam, na ce a gafarce ni, na taka a hankali kamar mai zuwa ɗaurin aure har bakin randar da ke gindin bishiya, na tsoma hannu har gwiwa. Kakanka ya dube ni ya ce, "Lahiya dai, Garba?"

Na ce, "Lahiya lau, Baba, ƙishirwa ta."

Ya gyaɗa kai ya ce, "Allah Sarki. Mu nan da baki muke sha."

Ba wanda ya yi dariya a lokacin, don mutanen kirki ne. Sun bari sai da na hau babur. Amma har yau in na je garin na nemi ruwa, sai an sami wanda zai tambaya a kofi za a zubo ko a kawo randar. Tabon nan da ya zagaye mini yatsa, wanda na ce maka ƙofar mota ce ta datse ni, asalinsa ke nan. Batiran kuwa sai da aka kira mai sola na gaske daga Bungudu. Ya duba ya ce matsala biyu ce, ta farko waya ɗaya ce ta kwance, ta biyu kuma wanda ya zo gyara.

Wannan fa batiran shagon caji ne. Ka kwatanta da na motar da za ta ɗauki mutane da kayansu ta hau tudu da su. Saboda haka in an ce ku cire zobe da agogo da duk wani ƙarfe kafin ku shiga wurin aiki, ka cire. Har layar da innarka ta ɗinka maka, in akwai ƙarfe a jikinta, ka bar ta a aljihun rigar da ka rataye, tana aiki daga can. Ka yi aiki da kayan da aka lulluɓe da roba, kar ka ce sifanar da na ba ka ta fi zama a hannu, wannan ka ajiye ta don kwance taya. Sannan ka koyi cewa ban sani ba, da ƙarfi, a gaban kowa, ko surukinka ne in Allah Ya kai mu. Ni na tsufa ban iya ba.

Na uku ka ji labarinsa, amma ba yadda ya faru ba. Ranar ka tafi Tsafe jawo wata mota da ta lalace, da ka dawo na ce maka keken Alhaji Sahabi ne ya zo da aljanunsa tun daga kamfani. To ga yadda aka yi.

Ka san abin da ya sa ake ce mini Garba Kunne. Mota tana shigowa layinmu, kafin ta tsaya na faɗa wa mai ita ciwonta. Da sauraren inji na ciyar da ku, kuma ina alfahari da abin fiye da kima. Alhaji Sahabi na Bungudu, mai motocin haya, ya sayo babur mai ƙafa uku na caji, irinsa na farko da na taɓa gani ido da ido. Birkinsa ne ya yi laushi ya kawo mini. Ya ajiye a ƙofar gareji ina ƙarƙashin wata mota, ya ce in duba masa, zai leƙa wurin mai taya ya dawo. Ashe bai kashe ba. Shi ma sabon shiga ne, da ya ji shiru ya ɗauka ya kashe.

Na fito na tarar jama'a sun kewaye keken, masu faci, 'yan kabu-kabu, har da tela da awonsa a wuya, kowa yana jira ya ji me Garba zai ce. Na zaga ina neman salansa, babu. Na durƙusa ina neman fulogi, babu. Na shinshina, ba warin mai. Sai na ɗaga hannu aka yi tsit, na manna kaina a jikinsa. Na saurara ta gaba, na saurara ta baya, ko numfashi ban ji ba. Na miƙe na karkaɗe gwiwa na sanar da jama'a cewa an cuci Alhaji, gawa aka sayar masa, injin ya mutu murus, ban ma san yadda aka yi ya iso Gusau ba sai dai in turo shi aka yi daga Bungudu.

Ina cikin wannan jawabi, ƙafa ɗaya a cikin keke ɗaya a ƙasa, hannuna ya je kan totur. Ban aike shi ba. Hannun bakanike in ya ga totur sai ya murza, ko na babur ɗin da aka cire wa inji ne. Na murza har ƙarshe don in nuna musu babu komai.

Gawa ta tashi. Ba ta yi tari ba, ba ta yi gargaɗi ba, kawai na ga masu faci suna komawa baya da gudu alhali a tsaye suke. Ƙafata ta waje ta yi ta sassarfa tana neman kamo ta ciki. Na nemi birki, sai a lokacin na tuna abin da ya kawo keken gareji. Na lalubi hon, ban san inda suka sa shi ba. Ga mutane a gaba sun ba ni baya, ba mai waigowa, don babu ƙarar da za ta sa a waigo. Dole na buɗe baki na koma yin hon da kaina, ni da gemuna, ina pipip pipip a tsakiyar Tudun Wada. Duk abin nan kuma ban saki totur ba, don shi na riƙe kar in faɗi.

Teburin Haliru mai shayi ne ya tsayar da mu. Allah Ya taƙaita, tukunyar ta kife ta ɗaya gefen, ba wanda ya ƙone. Amma burodi da gwangwanayen madara sai da aka tsinto wasu a ƙofar masallaci. Ina zaune a ƙasa, ƙwai yana bin wuyana, Haliru ya tsaya a kaina da ludayi a hannu ya ce, "Garba, in shayi kaka so, ai da ka aiko na kawo ma."

Alhaji Sahabi ya iso yana haki yana tambaya me na taɓa. Na ce ban taɓa komai ba. Keken kuwa yana tsaye, hancinsa a cikin tebur, shiru kamar ba shi ya yi ba, kuma har lokacin ba a kashe yake ba. Wani ɗan kabu-kabu ne ya lura da wata 'yar koriyar fitila tana ci, ya sa hannu ya zare makullin.

An daɗe ana dariya, ni ma daga baya na taya su. Amma inda keken nan ya bi, nan 'yan Islamiyya suke tsallakawa in an tashe su, kuma saura kaɗan a tashe su. In na tuna wannan, dariyar takan tsaya mini. Motarku shirunta ɗaya ne, ko tana raye ko tana mace. Don haka jerin nan da ka ce yana gundurar ka, ka bi shi yadda aka jera shi. A kashe mota, makulli ya shiga aljihunka. A cire abin da ke haɗa batir da sauran jiki, a kulle shi inda kai kaɗai kake da mabuɗi. A kewaye wurin a kafa alama don kar wani Garba ya zo wucewa. A jira iya lokacin da masu ƙera motar suka rubuta, wutar da ta maƙale a ciki ta sauka, sannan a auna. Jiran nan na san shi zai fi ci maka rai, don jinina ne kai, ko shayi ba ma bari ya huce.

Akwai kuma abin da malamanku ba za su koya maka ba, don ba su san mutanenmu ba. Ranar da ka dawo Gusau ka zura safar roba har gwiwar hannu, bayan ka tsaya ka hura mata iska ka saurara ko ta huje, sai an yi maka dariya. Za a ce ɗan Garba ya tafi koyon mota ya dawo ungozoma. Mai mota zai tsaya a kanka yana kaɗa makulli yana cewa da ubanka ne da tuni ya gama. Gaskiya ne, da tuni na gama, kuma da noti ya ragu a ƙasa na ce masa na ado ne kamfani ya sa. Gwangwanin nan da ke bayan ƙofar gareji cike da notina, ko ɗaya ban saya ba, kowanne daga motar wani ya rage. Kai ka mayar da kowa gidansa, ka ɗaure shi da sifanar nan mai auna ƙarfi iya yadda aka rubuta. Ni ma'aunina shi ne sai na ji noti ya yi ƙara in ƙara masa kaɗan, shi ya sa rabin aikina ciro karyayye ne. Mai dariya ka bar shi ya yi abarsa, ba shi zai sa hannu a akwatin ba.

Ka kuma ce ba a aikin babbar wuta mutum ɗaya, sai da wani a tsaye riƙe da doguwar sanda mai ƙugiya don ya fizgo ka in ta kama ka. Na ce maka aikin da ya dace da tsufana ke nan, in tsaya da sanda kamar mai kiwon awaki a kira ni ma'aikaci. To ka zaɓi mai riƙe maka sandar da kyau. Kar ka ba mai latse-latsen waya, kar ka ba mai gyangyaɗi bayan ya ci tuwo, kar kuma ka ba wanda kuke neman yarinya ɗaya.

Duk wannan da na zayyano maka, ko ɗaya bai zo mini a rai ba ranar da ka bugo kana neman takarda. Murna na yi. Na je aka buga, na sa hannu, na nuna wa duk wanda ya tsaya gaishe ni a hanya. Na shigo gida na karanta wa innarka, daɗi ya kwashe ni, na shiga ba ta labarin abin da ya faru a tasha ranar tafiyarka. Ita ba ta gani ba tunda ba ta raka ka ba, ka san ta da kunyar ɗan fari.

Ban sani ba ko kai ka ma tuna. An gama lodi, kowa ya zauna, mota ta ƙi tashi. Direba ya buɗe bonet yana zagin batir. Kai kuwa ka fito da farar shaddarka, waya a kunne kana sallama da wani abokinka. Ka leƙa, ka zare wayar fulogi da hannun hagu ka riƙe, ka yi wa direba alama da ka ya murza. Kafaɗarka ta ɗan motsa. Ka mayar da wayar ka ce masa akwai wuta, ya duba mai. Ko hirar da kake yi ba ka katse ba. Aka duba, ashe tiyon mai ne ya toshe. 'Yan kamasho suka yi ta cewa wanga ɗan Garba Kunne na, babu tambaya. Ni kuwa ina gefe, kaina ya kumbura har hula ta matse ni.

Na gama labari ina jira ta yaba. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Can ta ce, "To can ma haka za shi yi?"

Na buɗe baki in ce ai ya san bambanci, sai na tuna abin da idona ya gani a tasha. Kai ka san bambanci, amma ranar ba kai ka yi aikin ba. Hannunka ne ya yi, kai kana can kana hira. Ni na raine shi a haka tun yana ƙarami, na san ba ya shawara da kowa.

Tun daga ranar tuwo bai ƙara yi mini daɗi ba. Ina jin tsoro, Lawali, irin wanda ban taɓa ji ba ko a ƙarƙashin tirela. In na aiko takardar nan za su yarda da ita, don babu ƙarya a ciki in ban da Injiniyan, su tsallakar da kai ajin da aka yi domin irinka. Yaran nan da kake rainawa sun fi ka sauƙin sha'ani. Su zuba musu kawai za a yi, kai kuwa sai an juye abin da na zuba tukuna.

Saboda haka ga roƙona, in roƙo bai isa ba ka ɗauke shi umarni. Ka zauna a ajin farko, a bencin gaba. In an ce a sa safa, ka riga kowa. Ka sami malaminku ka faɗa masa abin da ka yi a tasha, ka ce ya sa maka ido, in ya ga hannunka ya nufi waya tsirara ya buge shi, na yafe masa tun daga nan. In kuma aka tambaye ka wurin wa ka yi aiki, kar ka kira sunana don a ɗaga maka ƙafa, ka ce koyo ka zo. Ka san abin da wannan yake nufi a wurin bakanike. Ba mu tara gidaje ba, ba mu tara gonaki ba, sunanmu a bakin yaranmu shi ne abin da muke bari, kuma a duk waɗanda suka bi ta hannuna babu wanda nake so a ce nawa ne kamarka. Na haƙura da wannan. Gara a ce ba ni na koya maka ba kana yawo da ƙafafunka, da a taru a ƙofar gidana ana yi mini gaisuwa ana cewa hannunsa sak na ubansa. Kai nake so ka tsaya a sahun gaba ranar da za a sallace ni, kuma ban yarda mu yi musanya ba.

Innarka ta ce in gaishe da yaron nan, ta ce kuma ya riƙa cin abinci. Ƙannenka duk suna gaishe ka. Allah Ya tsare ka daga wutar da ake gani da wadda ba a gani, Ya haɗa ka da malamai masu tsanani, Ya ba ka haƙurin zama da su. Allah Ya yi maka albarka, Ya kiyaye hanya, Ya dawo mana da kai lafiya da yatsunka goma cif.

Wassalamu alaikum.

Ni ne mahaifinka,
Garba.